Gurbin da Ke Gaban Suna

Litinin, 9 ga Afrilu, 1951, ƙarfe huɗu na yamma

Yau kwana uku da rufe ƙofar gidan mishan. Ba a ce an tsare mu ba. An ce karatu muke yi. An kuma sa soja a bakin ƙofa don kada wani ya katse mana karatun.

An manna dogayen takardu biyu a gicciye a ƙofar maɗaba'a, da jan hatimin kwamitin gunduma. Ina jin shi ne gicciye na ƙarshe da za a kafa a gidan nan, kuma ba 'yan mishan suka kafa shi ba. Shekara goma sha biyu ina gyaran bugu a bayan wannan ƙofa, idona ba ya iya wuce rubutu bai duba ba. Akwai kuskure a harafi na uku. Ban gaya wa kowa ba.

Kawu Geng yana ɗakin ajiyar takarda tun ranar Asabar, an sa kwaɗo ta waje. Shi ne mai jera mana haruffan dalma. Shekararsa sittin da ɗaya, arba'in daga ciki a tsaye ya yi su gaban akwatunan haruffa.

Malama Lunde tana benenta a ƙetaren tsakar gida. Mutanen Hunan ba su taɓa iya sunanta ba, Malama Lu ake ce mata. Ta zo daga Norway tun ba a haife ni ba. Sauran Turawa duk sun tafi, ita kaɗai ke jiran takardar izinin fita tun watan Janairu.

Ni ina ɗakina, ina rubutu a bayan tsofaffin takardun bugun gwaji. Ruwa ake yi.

Talata, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Kwamared Bian ya kira ni ofishin fasto, wanda ya zama nasa. Shi kwamiti ya turo mana. Bai fi shekara ashirin da biyar ba, rigarsa a wanke, alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ba ya rubutu. A gabansa akwai ƙaramin littafin addu'o'in da muka buga bara.

"Malama Kuang, an ce kin yi jami'a."

"Haka aka ce."

"To karanta mini wannan." Ya ɗora yatsa a kan farin wuri a tsakiyar layi.

"Ai babu komai a nan, Kwamared."

"Shi nake tambaya. Me ya sa babu komai?"

Ya zagaye su duka da jan tawada. Gurbi ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya fitar da lambar shafi da ta layi ya jera su kusa da taswirar gari. Na farko yana shafi na bakwai, gadar garin nan kuwa ƙafa bakwai gare ta. Jiragen Amurka suna ruwan bama-bamai a Koriya, ga littafin Turawa cike da ramukan da babu wanda ya yi bayaninsu. In faɗi gaskiya, aikin ya yi tsabta. Da ɗalibina ne da na ba shi maki mai kyau a kan ƙoƙari.

Na yi masa bayani. Turawan farko da suka kawo addinin nan sun rasa da wane suna za su kira Ubangiji a harshenmu. Wasu suka ce Shangdi, haruffa biyu. Wasu suka ce sam, wannan sunan da sarakunan dā ke yi wa hadaya ne, sai dai Shen, harafi ɗaya. Suka yi taruka, suka rubuta wa juna wasiƙu masu zafi, suka mutu, na bayansu suka gaji rigimar. A ƙarshe kowa ya buga nasa. Mai jera haruffa kuwa ba zai jera littafi ɗaya sau biyu ba. Sai ya jera da haruffa biyun, a buga, sannan ya cire su ya sa guda, ya cike gurbin da dalma marar rubutu don kada layi ya goce. Daga baya masu karatu suka ga filin, suka ce ai girmamawa ce, irin filin da magabata ke bari a wasiƙa kafin sunan babban mutum. Kowa ya ji daɗin wannan fassarar, aka bar ta a haka.

"Shekara nawa suna wannan rigimar?"

"Ɗari da 'yan kai."

"A kan kalma ɗaya."

"Ba su ma gama ba."

Ya rufe littafin a hankali. "Malama Kuang, ni ɗan manomi ne, amma ba jaki ba ne. Kawo mini mai haruffa biyun in gani."

Babu shi. Masu haruffa biyun na mishan ɗin tsallaken kogi ne, mukan buga musu su aiko kwalekwale ya kwashe. Sun tafi bara, gidansu ya zama rumbun shinkafa. Mu kuwa 'yan harafi ɗaya ne, kuma Malama Lu ba ta taɓa yarda kwafin waɗancan ya kwana a gidan nan ba. Tana cewa bidi'a ce.

Laraba, 11 ga Afrilu, da hantsi

Ruwa. Ƙofa a rufe.

Alhamis, 12 ga Afrilu, bayan abincin rana

An yarda matar Kawu ta riƙa kawo masa abinci, amma iyakarta bakin ƙofa. Ni aka ɗora wa karɓa in kai. Ta zo da kwano a ɗaure cikin tsumma, ruwa na zuba daga malafarta.

"Ke 'yar jami'a, duk karatun nan naki bai iya buɗe kwaɗo ɗaya ba?"

"Ba a koya mana wannan ba, Gwaggo."

"To me aka koya muku? Na gaya wa tsohon nan tun muna da haƙora, ka koyi sayar da awara, ba a taɓa kama mutum saboda awara ba. Ya ce shi ma'aikacin ilimi ne. Ga ilimi nan."

Sojan ya juya yana dariya. Na sunkuya kamar ina gyara tsumman, na gaya mata abin da nake nema: ko shafi ɗaya na littafin tsallaken kogi. Ta yi tsaki, ta ɗaga murya tana zagin ruwa, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Matan can sun rabe littattafan. Takardar Turawa ba ta yagewa, babu abin da ya kai ta daɗin yanka samfurin takalmi. Bari in ga ƙanwata."

Ana miƙa wa Kawu kwano ta wata 'yar taga a saman ƙofa. Hannunsa kawai nake gani, yatsu baƙaƙe da dalmar da ba ta fita.

"Suyun, 'yata, ke ce?"

"Ni ce, Kawu. Gwaggo ta ce ka ci barkonon duka, kada ka bar mata."

"Ƙarya kike, cewa ta yi in shaƙe." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Kin ga ikon duniya? Shekara arba'in ina jera masu magana, babu wanda ya kula. Yau saboda bebaye aka kama ni."

Haka yake kiran dalmar da babu rubutu a kanta. Bebaye.

Asabar, 14 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

An yi taro a rairayin bakin kogi. Ba mu je ba, muna karatu. Mun ji lasifika tun safe, mun ji jama'a suna amsawa. Da tsakar rana lasifikar ta yi shiru, muka ji ɗaya abin, ƙarar bindiga. Sau huɗu.

Kwamared Bian ya ci gaba da karanta mana takardar da yake karantawa. Ya tsallake layi bai sani ba.

Lahadi, 15 ga Afrilu, da safe

Ba a buga ƙararrawar coci ba. Na farka a kan lokacinta duk da haka.

Talata, 17 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Gwaggo ta ce, "Yau shinkafar ta kama a gindi, ki duba kafin ki ba shi, kada ya ce na ƙona." Na duba a bayan ɗakin girki. A ƙarƙashin kwanon, tsakanin tsumma biyu, ga tafin takalmi na takarda, ƙafar hagu, ƙaramar ƙafa. An yanke kan shafin da gindinsa, amma layi tara sun tsira, kuma a layi na huɗu ga haruffa biyun nan zaune kusa da juna kamar ba a taɓa yin faɗa a kansu ba.

Na nemo shafin a littafinmu. Na talatin da ɗaya ne. Na ɗora takalmin a kai, na ɗaga su wajen taga. Kowane harafi ya hau kan ɗan'uwansa. Inda muke da gurbi, su suna da harafi.

Na yi murna. Ina rubuta wannan don in tuna cewa na yi.

Laraba, 18 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Kwamared Bian ya ɗaga su wajen taga kamar yadda na yi. Ya daɗe. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Kunnuwansa suka yi ja. Ba wawa ba ne, abin da ya fi ɓata lamarin ke nan.

"Yaushe kika sami wannan?"

"Jiya."

"Rahotona ya tafi gunduma ranar Juma'a."

Ruwa na ɗiga cikin bokitin da aka ajiye a kusurwar ofis.

Ya ce an riga an sa ranar taron tuhuma, Lahadi ashirin da tara ga wata. Za a zo daga gunduma. Rahoton ya ce akwai saƙon ɓoye a littafin, kuma hannun da ya jera saƙon yana ɗakin ajiyar takarda. Ba zai iya aika musu tafin takalmi ya ce a yi haƙuri ba.

"Amma taro abinci yake so," in ji shi. "In an kawo masa babban akushi, ba ya tambayar ƙaramin. In wadda ta tashi a gidan nan, mai ilimi, ta miƙe ta faɗi abin da Baturiyar nan ta yi wa 'ya'yan ƙasa, maganar ramuka za ta nutse. Geng ya zama ma'aikacin da aka yaudara. Ma'aikacin da aka yaudara gida yake komawa."

"In ban miƙe ba fa?"

Ya dubi taga, wajen kogi. Ya buɗe aljihun tebur ya sa takalmin a ciki, ya rufe da mabuɗi.

Alhamis, 19 ga Afrilu, da rana

Kawu yana tari. Ana ji har ɗakina in iska ta juyo.

Juma'a, 20 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Tun da aka sallami kukunta, Malama Lu ke saukowa ɗebo ruwa da kanta, ƙarfe goma daidai, soja a bayanta. Yau na fito da bokitina a lokacin. Shekararta sittin da takwas, ta ƙi yarda sojan ya taɓa igiyar. Shekara arba'in a ƙasar nan, har yanzu furucin harshenmu bai zauna mata ba, in ta ce za ta tambaye ka sai ya fito kamar za ta sumbace ka. 'Yan makaranta tsara bayan tsara sun ciji leɓe a kan wannan.

"Suyun. Kin rame. Ba kya cin abinci."

"Ina ci, Malama."

"Ƙarya. Ba ki taɓa iya ta ba. Shi ya sa duk insha'in da kika ƙirƙiro ba ya wuce matsakaici." Ta ja igiya. "Geng yana tari. Ina jin sa daga sama."

"An ce in tsaya ranar Lahadi ta sama."

"Na sani. Tsohuwa ce ni, ba kurma ba." Ba ta dube ni ba, gugan take kallo. "Kada ki ƙirƙiri komai, za su gane. Ki rubuta abin da ya faru. Zai isa."

"Ba ki san abin da zan rubuta ba."

"Na san wasu." Ta juye ruwan a bokitina maimakon nata. "Kuma ki tsaya a miƙe. Kina da halin sunkuyar da kafaɗa."

Sojan ya ce lokaci ya yi.

Na dawo ɗaki na dire bokitin har ruwa ya zube. Har wannan ma ita ta ba ni, kamar aikin gida. Ta ƙayyade jigo, ta gargaɗe ni a kan salo.

Asabar, 21 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna da niyyar shan wahala. Kafin tawada ta bushe a shafi na farko na cika na uku.

Ashe suna nan duka, a jere, kamar haruffan Kawu a akwati. Kofin shayin nan mai shuɗin zare a hannu, wanda ake ba baƙi 'yan ƙasa, a wanke shi dabam. Ƙofar gaba da fasto ɗan garin nan bai taɓa shiga ta ita ba sai ranar da aka shigo da gawarsa don addu'a. Littattafai goma sha ɗaya da na fassara tun daga harafin farko har na ƙarshe, a bangon kowanne an rubuta: S. Lunde ta fassara, da taimakon wata 'yar ƙasa. Shekara goma sha biyu ni ke gyara bugun wannan layin. Ban taɓa samun kuskure a cikinsa ba.

Sai ranar share kaburbura, ina shekara tara. Shekara biyu ke nan da mutuwar uwata a bakin ƙofar gidan nan, lokacin yunwa. Na ɓoye shinkafa daga abincina, na samo takardar da ake ƙona wa matattu, na tsallake katanga na kai mata. Washegari aka ɗora ni a kan benci gaban 'yan mata sittin, aka ce in faɗa da ƙarfi cewa na yi wa gunki hidima. Na faɗa. Aka ce ba a ji a baya ba. Na sake.

Kwamared Bian yana ganin su suka kawo taron tuhuma garin nan. Ban so in ɓata masa rai.

Lahadi, 22 ga Afrilu, da yamma

Abubuwan da ba su shiga ba: taifot, da kwana goma sha tara da ta yi a kujera gefen gadona. Wasiƙu talatin da ta rubuta har jami'a ta ɗauki marainiya. Lokacin mamayar Japanawa, da ta tsaya ta tare wannan ƙofar da lema a hannu.

Babu ƙarya ko ɗaya a abin da na rubuta. Na duba sau uku. Na so in samu.

Talata, 24 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Kwamared Bian ya karanta a tsaye. Da ya kai wajen benci ya zauna.

Ya ƙara siffofi uku, ya sa alamar motsin rai a wuri shida. Sannan ya rubuta "'yar leƙen asiri" a saman sunanta.

"Wannan ba ya ciki, Kwamared."

"Zai ƙara masa nauyi."

"Azzaluma korar ta ake yi. 'Yar leƙen asiri ajiye ta ake yi. In yana ciki, nemi wani ya karanta."

"Kina ciniki da kwamiti ne, Malama Kuang?"

"Gyaran bugu nake yi. Akwai takalmi a aljihun teburinka."

Ya dube ni har na fara ƙirga ɗigon ruwan bokiti. Ya soke kalmar da layi ɗaya, siriri, yadda za a iya karanta ta in an so.

Gunduma na son a buga kwafi ɗari biyar a raba wa jama'a ranar taro. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san inda kowane harafi yake a akwatunan nan. Gobe za a yage takardun ƙofar maɗaba'a.

Alhamis, 26 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

An fito da Kawu jiya, soja a gefensa. Wuni guda ya yi yana jerawa. Ina jin ƙarar dalma daga ɗakina, ƙas, ƙas, ƙas, yadda na saba ji tun ina yarinya. Yana karanta abin da yake jerawa. Wasu masu jera haruffa ba sa karantawa, shi yana yi.

Yau da hantsi aka kira ni duba bugun gwaji. Na same shi ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya miƙo mini takardar da hannu biyu, yadda ya saba, tawada ba ta bushe ba. Sojan yana bakin ƙofa yana kallon ruwa.

Aikin ya yi kyau. Babu harafi a kife, babu wanda ya ɓace. Sai a layi na biyu, kafin sunanta, ga fili. Ɗan fari, daidai faɗin harafi ɗaya. Na sauka ƙasa. Duk inda sunan Malama Lu ya fito, a tsakiyar kofin shayi, a tsakiyar benci, a tsakiyar siffofin Kwamared Bian, akwai bebe a gabansa. Goma sha ɗaya.

"Kawu."

"Na'am, 'yata."

"Mene ne wannan?"

"Hannu ne. Ya saba."

"Hannunka bai taɓa sa bebe gaban sunan mutum ba. Shekara goma sha biyu ina duba aikinka."

Ya goge yatsunsa a tsumma, ɗaya bayan ɗaya. "Lokacin da Malama ta same ni ina kwana a ƙarƙashin gada, ban san harafin sunana ba. Duk abin da kika rubuta haka aka yi, ina nan, na gani. Na jera shi ban canza ko ɗigo ba. Wannan ɗin kawai nawa ne."

"Ni da bakina na gaya wa Bian ma'anar gurbin nan. Yanzu ya san girmamawa ce. Mutum ɗari biyar za su riƙe takardar nan a hannu."

"Wa zai lura da abin da babu?"

"Shi. Ya ƙirga ɗari biyu da goma sha huɗu."

Na ɗauki jan alƙalami. Akwai alamar da muke yi in ana so a haɗe fili, 'yar baka sama, 'yar baka ƙasa. Shi ya koya mini ita ranar da na fara aiki. Na yi ta a layi na biyu. Na yi ta a na biyar. Yana tsaye yana kallon hannuna har na kai ta goma sha ɗaya.

"An koya miki aiki," in ji shi.

Ya ɗauki hantsaki ya zare su ɗaya-ɗaya, ya matse layukan. Ban ga inda ya sa su ba. Bai sake ce mini 'yata ba har aka mayar da shi.

Juma'a, 27 ga Afrilu, da rana

Injin yana bugawa. Ɗari biyar. Ƙofa a rufe.

Asabar, 28 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Sun kwashi bencina daga makaranta zuwa filin taro. Na so in rubuta "bencuna". Na bar shi.

Lahadi, 29 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An yi.

Litinin, 30 ga Afrilu, da hantsi

An ce muryata ta kai har bayan fili. Ban sunkuyar da kafaɗa ba.

Laraba, 2 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Kawu ya koma gida jiya. Na ga bayansa ta taga, Gwaggo na riƙe da hannun rigarsa tana yi masa faɗa tun daga ƙofa har kwana. Ma'aikacin da aka yaudara. Babu wanda ya ambaci ramuka ranar Lahadi, ko sau ɗaya.

Abu ɗaya zan rubuta, sannan in bar maganar. Malama Lu tana tsaye a kan bencin, kanta a ƙasa kamar yadda aka umarce ta. Wajen kofin shayi ba ta motsa ba. Wajen littattafai ta ɗan gyaɗa kai, har na ga leɓenta ya motsa da na yi tuntuɓe a kan wata shekara, tana gyara mini. Waɗannan ta san su. Da na zo ranar share kaburbura, sai ta ɗago kai ta dube ni. Mutum dubu suna ihu, ita tana duba fuskata kamar mai neman shafi a littafi.

Ba ta tuna ba. Shekara ashirin da biyu ina ɗauke da bencin nan, ita ba ta ma tuna ba. Sannan na ga lokacin da ta tuna.

Na ci gaba da karatu. Saura sakin layi biyu.

Juma'a, 4 ga Mayu, da safe

An janye sojan. Ƙofa a buɗe take tun jiya. Kwamared Bian ya tare ni a tsakar gida ya ce, "Barka da asuba, Kwamared Kuang." Gunduma na neman mai gyaran bugu don jaridarta. Ya ce sun yaba da tsabtar takardar.

Ban fita ba tukuna. Babu wanda ya hana ni.

Talata, 8 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Hukuncin Malama Lu ya fito ranar Asabar: kora daga ƙasa, har abada. Abin da ta yi wata huɗu tana roƙo a ba ta ke nan, yanzu an ba ta shi a matsayin horo.

Akwati ɗaya aka yarda ta ɗauka. Hanyar ƙofa ta bi ta ƙarƙashin tagata. Da ta zo daidai nan ta tsaya, ta sauya akwatin daga hannun dama zuwa hagu, ta gyara lemarta. Ba ta ɗaga kai ba. Ni ma ban buɗe tagar ba. Akwai mutane a tsakar gida, mu biyun mun san haka. Ina so in yarda cewa dalilin ke nan.

Laraba, 9 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Gwaggo ta shigo har ɗakina, ba ta yi sallama ba, ta dire kwanon awara da barkono a kan takarduna.

"Ci. Kin zama kamar sandar shanya. Wa zai aure ki a haka, da jami'arki da komai?"

"Yaya jikin Kawu?"

"Yana nan yana tari yana ba ni umarni. Ya ce ki duba gindin kwanon. Ni na gaji da aikin ɗan aike, ku nemi gidan waya."

A cikin tsumma, ɗan guntun dalma, sumul, babu komai a fuskarsa.

"Ya ce naki ne, ke kika cire shi. Ya ce mai gyara ma wani lokaci yana bukata."

"Sauran goman fa?"

"Ke dai ci awararki."

Ta tsaya a kaina har na cinye. Da za ta fita ta dafa kafaɗata, da ƙarfi, kamar mai gwada nunar kankana, ta tafi.

Yana kan tebur yanzu. Ya fi yadda ake zato nauyi. Ya kamata in ƙona takardun nan kafin in fara aiki a gunduma ranar Litinin, kuma zan ƙona su. Amma ban rubuta labarin jiya yadda ya kamata ba, ga shi:

Jiya, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a jirgin ruwan da ke gangarawa,      Malama Lu ta tafi.

Na duba layin nan sau biyu. Babu kuskure.